'Yar Bora makauniya: yaya zan mayar da tatsuniya littafin soyayya ba tare da an buɗe mata ido a ƙarshe ba?

Ummu Sultana:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da makaranta. Ina so in ɗauki tatsuniyar 'yar Bora da 'yar Mowa, wadda ake tura yarinya wanki ruwan Bagaja, in mayar da ita littafin soyayya na wannan zamani, kuma 'yar Borar ta kasance makauniya. Abin da ya tsaya min shi ne ƙarshen tatsuniyar: da 'yar Mowa ta fasa ƙwanta, kutare da makafi da guragu ne suke fitowa su rako ta gida, wato su ne hukuncinta. Yaya zan yi da wannan alhali jarumata makauniya ce? Kuma ba na son ƙarshen da aka saba, a kai ta Indiya a yi mata aiki ta buɗe ido ta ga ango. Me zan karanta don kada in yi shaci-faɗi a kan rayuwar makafi?

Malam Na-Dala:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da raba ƙashin tatsuniyar da namanta. Ƙashin shi ne: an zalunci yarinya a gida, an aike ta wurin da ake zaton ba za ta dawo ba, ta gamu da abubuwan ban mamaki a hanya ta yi musu ladabi, ta samu lada, sannan 'yar'uwarta ta bi hanyar da rashin kunya ta kwaso akasin haka. Wannan kada ki taɓa shi, don shi ne zai sa mai karatu ya gane tatsuniyarsa. Ƙwai da jakuna da su waye suka fito daga ciki, duk nama ne, kina da ikon sauyawa.

Hukuncin 'yar Mowa ya fito daga halinta. Idan ta yi wa tsohuwar hanya tsiwa, to tsiwar ta rufe mata ƙofa daga baya: tsohuwar ta zama gwaggon wanda take so, ko mai shagon da take neman aiki a wurinsa. Kada ki makantar da ita ko ki gurgunta ta a hatsarin mota. Da zarar kin yi haka kin gaya wa mai karatu cewa makanta sakayya ce, sai ya fara tambayar laifin da jarumarki ta yi.

Wannan ɗabi'ar ba a tatsuniyarmu kaɗai take ba. A tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara a Jamus tun daga 1812, tattabaru ne suke ƙwaƙule idanun 'ya'yan matar uban Cinderella a ranar biki, yariman Rapunzel kuwa ƙaya ta makantar da shi sai hawayen masoyiyarsa suka warkar da shi. Hukunci ko warkewa, hanya biyu ke nan da tatsuniya ta saba bi da naƙasa. Ke ta uku za ki buɗe: a ɗaura aure tana makauniya, a tare tana makauniya, kuma abin da ta samu ya zama ainihin abin da ta nema tun babi na ɗaya. Saboda haka ki ba ta buƙatar da ba ido ba, kamar gadon mahaifiyarta da aka danne ko karatun da aka cire ta daga ciki. In ganin ido ne burinta, labarin da kansa zai ja ki zuwa asibitin Indiya.

Anti Bilki:

Ƙanwata, kafin ki rubuta shafi ɗaya ki tsayar da abin da ya makantar da ita, don a nan littattafai da yawa suke faɗuwa. In kika ce yanar ido ce, duk wanda ya taɓa raka kakarsa asibiti zai ajiye littafin, domin aikin cire yanar bai cika wuce rabin awa ba, kuma ana yin sa kullum a Kano da Kaduna. Ba zai yiwu attajiri yana son ta shekara biyu bai kai ta an cire ba.

Abin da zai riƙe labarinki shi ne cutar da take kashe jijiyar gani, wato gulokoma, wadda ake cewa hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, matsinsa ya riƙa cin jijiyar a hankali. Ganin gefe ne yake fara tafiya, mutum ya yi ta karo da ƙofa da kujera alhali yana karanta rubutu, shi ya sa ake makara. Maganin ɗigawa da tiyata suna rage matsin su tsare abin da ya saura, amma abin da ya tafi ba ya dawowa ko a wace ƙasa. Ta fi kama manya, sai dai akwai wadda ake haihuwar jariri da ita da mai kama matasa, kuma tana bin dangi. Kin ga nan kin samu abin da dangin miji za su riƙe: za ta haifa mana makafi. Ɗaya zaɓin shi ne ƙyanda a yarinta tare da ƙarancin bitamin A, mai lalata baƙin ido ta bar hakiya. Wannan ba a gadonta, kuma ta dace da 'yar Bora da ba a kula da cinta ba, ba a kai ta rigakafi ba.

Ki kuma tsayar da shekarun da ta rasa gani. Wadda ta makance tana shekara 14 ta san ja da kore, tana tuna fuskar mahaifiyarta. Wadda ta makance tana shekara 2 kada ki sa ta kwatanta murmushi ko hasken wata. Sannan yawancin makafi ba duhu ɗungurum suke ciki ba, da yawa suna bambance rana da inuwa, suna gane an kunna fitila.

Malama Hadiza:

Na yarda da Anti Bilki, amma zan ja kunne kada ciwon ya cinye littafin. Shafi biyu ya ishe shi. Abin da zai sa jarumar ta rayu shi ne ƙananan ayyukan yini.

Jagora ba ya jan makaho, makahon ne yake riƙe hannun jagora sama da gwiwar hannu kaɗan, yana bayansa da rabin taku. In an zo lungu mai ƙunci jagora ya mayar da hannunsa baya, in an zo matakala ko kwata ya ɗan tsaya ya faɗi hawa ce ko sauka. Wannan riƙon na ƙanwarta ne ko ƙawarta. Saurayi ba muharraminta ba ne, to shi sai dai ya riƙe ɗaya kan sandar, ko ya yi tafiya a gefenta yana magana ta bi muryarsa. Kuma don Allah kada a sa ta shafa fuskarsa don ta san kamanninsa. Makafi ba sa yin haka, tarbiyyarmu ma ba ta yarda ba. Da takunsa za ta san shi, da turarensa, da ƙarar babur ɗinsa in ya shigo layi, da yadda numfashinsa yake sauyawa in zai faɗi abin da yake jin nauyi.

Farar sanda tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirji ne, ana kaɗa ta dama da hagu faɗin kafaɗa, tana taɓa inda ƙafar baya za ta sauka. Takardun naira 100 zuwa 1000 girmansu ɗaya ne, don haka take ninke kowace iri da salonta daban. A kicin komai yana da mazauni, kuma muguntar da ta fi duka ciwo ita ce Mowa ta sauya wa gishiri da sukari wuri, ko ta bar bokiti a tsakar gida. Ga zaluncin da ya dace da labarinki, ba sai an kawo boka ba. Waya kuma tana amfani da ita sarai: TalkBack a Android yana karanta abin da ke fuskar waya, ta shafa yatsa dama ta wuce abu na gaba, ta taɓa sau biyu ta buɗe. Saƙon murya na WhatsApp zai ɗauke miki rabin hirar soyayyar. In ta yi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri, ta iya rubutun Braille mai ɗigo shida, wanda ake hudawa da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya takardar a karanta da yatsa daga hagu.

Ummu Sultana:

Allah ya saka da alheri. Malama, kalmar makauniya fa, in bar ta ko in ce mai buƙata ta musamman? Littattafan kuma har yanzu ina jira.

Yaya Auwal:

Ki bar kowane baki da kalmarsa. Ma'aikacin gwamnati zai ce masu buƙata ta musamman, musamman tun da aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019. Tsohuwa a cikin gida makauniya za ta ce, ita jarumar ma haka za ta kira kanta ba tare da jin komai ba. Mai ba da labari ne zai kiyaye kalmomin tausayi irin baiwar Allah da abin tausayi a kowane shafi.

Littattafai biyu sun dace da aikinki, duk da Turanci suke. Amanda Leduc 'yar Kanada ta fitar da Disfigured a 2020, kacokan a kan yadda tatsuniyoyin Turai suke ɗaukar naƙasa. John Hull, malamin jami'a a Birmingham da ya makance yana babba, ya rubuta Touching the Rock a 1990, inda ya bayyana yadda saukar ruwan sama take zana masa surar waje da sauti. Ki ɗauki abin da ya shafi zuciya da ji daga wurinsu, ki bar karen jagora da titunan Ingila, don jarumarki kwata da adaidaita sahu take fama da su. Wannan ɓangaren sai a bakin mata makafi na garinki, ta ƙungiyarsu ko ta hannun Sarkin Makafi. Ki ba biyu ko uku su saurari rubutun kafin ya fita, ki biya su ladan lokacinsu.

Sannan ki tabbata za su iya karanta shi. PDF da aka yi da hoton shafi, manhajar karatu ba ta ganin komai a cikinsa, sai rubutu na ainihi, Word ko EPUB. Jeren emoji ashirin a kan babi, kowane ɗaya sai wayar ta faɗi sunansa, haruffan ado kuma ko ta tsallake su ko ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Muryar Turanci ta manhajar karatun tana ɓata Hausa sosai, don haka ki naɗi karatun da murya: babi ɗaya fayil ɗaya, da lambar babin a farkon sunan fayil don su jeru. MP3 mai 64kbps yana cin kusan rabin MB a minti, wato babin minti 20 bai wuce MB 10 ba, zai tafi a WhatsApp ba wahala. Kada a sa kiɗa a ƙarƙashin muryar, domin da yawa suna ƙara saurin sauraro, kiɗan sai ya rufe kalmomin.