Bitamin da maganin ƙarin jini: wanne za a yarda da shi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ƙanwata na da ciki wata huɗu, wata mata a unguwarsu ta matsa mata da tallan wani bitamin, wai daga Amurka aka kawo, tsada kamar me. Ta yaya ake gane na kirki?

Anti Balki: Wa alaikumus salam. Ku duba lambar NAFDAC a jikin robar. In babu, ko kyauta aka ba ta kada ta sha.

Baban Khalil: Anti, lambar nan fa masu jabu ma bugawa suke yi. Ganinta kaɗai ba ya isa. NAFDAC na da kundin kayan da ta yi wa rajista a intanet, Greenbook ake ce masa. Ki sa lambar ki ga ko sunan maganin da na kamfanin sun yi daidai da na jikin robar. Wani lokaci lambar ta gaskiya ce, amma ta wani kayan daban ce aka ɗauko aka liƙa.

Maman Hanif: To ai matar cewa ta yi na waje ne, ba ya buƙatar NAFDAC, can an riga an tantance shi.

Famasis Auwal: Hajiya, maganar nan ba haka take ba. Duk magani ko bitamin da aka shigo da shi Najeriya don sayarwa sai da rajistar NAFDAC, ko daga ina ya fito. Kuma a Amurkar ma, tun dokar 1994, hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, ba ta tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa yadda take yi wa maganin asibiti. Kamfani ne ke ɗaukar alhakin kayansa, hukuma sai an ga matsala take shigowa. Shi ya sa masu lura a can ke neman tambarin USP ko NSF, wato wasu daban sun gwada sun ga abin da aka rubuta shi ne a ciki. Shi ma tambarin bai ce abin zai yi miki magani ba.

Batun ƙanwarki kuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga mai ciki shi ne ayon, wato sinadarin ƙarin jini, miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 a kullum. Su ne 'yan ƙwayoyin nan ja da rawaya da ake bayarwa a wajen awo. Abin da nake tsoro a na tallan shi ne bitamin A, yawansa na iya cutar da ɗan da ke ciki. Ta ɗauki robar ta nuna a wajen awo kafin ta buɗe.

Ummi Zariya: Kuma ta daina kora na awon da shayi. Shayi na rage shigar ayon a jiki. Ruwa, ko ta sha lemon zaƙi a kai.

Anti Balki: Famasis, na gargajiya fa da ake zubawa a kwalba, irin su garin zogale da habbatus sauda? Ai wasu na da lamba.

Famasis Auwal: Anti, duba ƙarshen lambar. In kin ga harafin L, an duba ne cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da suka lissafa ba. Shi ya sa ake rubuta musu da Turanci cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Kwalba ɗaya wai basir, ciwon suga, hawan jini, sanyi da rashin haihuwa? Ni dai ba na ajiye irinsu a shagona.

Yaya Sadiya: Ni wanda ya fi tsaya min a rai maganin ƙiba ne da 'yan mata ke sha kafin biki. Wata 'yar maƙwabtanmu cikin ɗan lokaci fuska ta kumbura suntum, ana ta ma sha Allah, ƙarshe sai asibiti.

Famasis Auwal: Allah ya ba ta lafiya. Sau da yawa dexamethasone, wani maganin kumburi na asibiti, ake cusawa a ciki, wani lokaci da cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci. Ba ƙibar lafiya ba ce, ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da ciki, ga hawan jini ga suga. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali. Haka na maza, an sha kama sildenafil, wato sinadarin Viagra, a cikin zuma da shayin da aka rubuta wa tsantsar ganye. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna, haɗuwarsu na iya faɗar masa da jini.

Baban Khalil: Wato maganin ganyen da ya yi aiki cikin rabin awa abin tuhuma ne ke nan.

Ummi Zariya: A ƙara da wurin saye. Yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, to wanda ya wuni a faranti cikin ranar Afrilu fa? In ƙwayoyin sun manne da juna, ko man kifi yana ƙarni mai hawa kai, ki mayar. A duba ranar lalacewa, da murfin ko an taɓa ɓalle shi. Sannan masu taushin nan da jelatin ake yin ɓawonsu, wani na saniya, wani na kifi, wani na alade. In ba a rubuta ba ni ajiyewa nake yi.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ta turo min hoton robar yanzu, babu lambar NAFDAC, kuma rubutun ma ba Turanci ba ne. Famasis, in turo maka ka duba yawan bitamin A ɗin?

Famasis Auwal: Turo ɓangaren da aka jera sinadaran, ba gaban robar ba. Amma ta ci gaba da na awo.