Shawarwari a zaure: yadda ake ajiye amsar lissafi kada a yi ta maimaita shi

Nura Kawo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Manhajar sakamakon jarrabawa ce ta wata makaranta a Tudun Wada, da Python, yaren rubuta manhaja, aka rubuta ta. Duk uban da ya buɗe shafin ɗansa, sai sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta sake tara makin ajin kaf kafin ta faɗi na nawa yaron ya zo. Ranar fitar da sakamako tafiyar hawainiya take yi. Wace hanya ce ta fi don ajiye amsar?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam Nura. Mafi sauƙi shi ne lru_cache, wata ma'ajiyar amsa da ke cikin functools, ɗaya daga kunshin kayan aikin Python. Ka ɗora shi a saman fankshin ɗin, wato guntun manhajar da ke yin lissafin, duk tambayar da aka taɓa yi masa zai riƙe amsarta. Idan ba ka sa adadi ba, amsa 128 yake riƙewa, in ya cika ya zubar da wadda ta fi daɗewa ba a nema ba. Ka gwada da lissafin Fibonacci, jerin lambobin da kowace take jimlar biyun da suka gabace ta, ka gani: in babu ajiya, na 30 yana kiran fankshin sau 2,692,537, amma da ajiya lissafi 31 kawai za a yi. Sharaɗinsa ɗaya ne, tambaya iri ɗaya ta riƙa ba da amsa iri ɗaya kullum.

Maryam Barnawa: Malam, da izininka, wannan sharaɗin ne bai cika ba a nan. Maki yana canzawa duk lokacin da malamin aji ya yi gyara. Sannan idan Gunicorn, manhajar da ke karɓar buƙatun masu buɗe shafi, ke tafiyar da manhajar da ma'aikata huɗu, wato kwafi huɗu nata masu aiki lokaci guda, kowane yana da tasa ajiyar a RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta. Ka kira cache_clear, umarnin share ajiyar, ta ɗaya kawai ka share. Sai uba ya ga ɗansa na uku, ya sake buɗewa ya gan shi na biyar. Wannan rigima ce a ofishin shugaban makaranta. Redis ya kamata, manhajar ajiya ce mai zaman kanta, ajiya ɗaya da duka za su riƙa dubawa.

Malam Bashir: Gaskiyarki Maryam, na karɓi gyara. A bar lru_cache ga abin da ba ya motsi, kamar mayar da maki zuwa A ko B. Ko a nan a kula: ba ya karɓar list ko dict, wato tarin bayanai masu iya canzawa, saƙon kuskure na TypeError zai ba ka, sai ka mayar da su tuple, jerin da ba ya canzawa. Kuma idan amsar list ce, ita ɗin dai yake miƙa wa kowa, wanda ya taɓa ta ya ɓata wa na baya.

Injiniya Sa'adatu: Nura, mabuɗin ajiyar, wato sunan da ake ajiye amsa a ƙarƙashinsa, shi ne rabin aikin. Duk abin da ke iya sauya amsa ya shiga cikinsa: shekarar karatu, zango, aji, da rukunin ajin. Ka manta zango, sakamakon zangon farko zai fito a na biyu. Ka ajiye jerin ajin gaba ɗaya a mabuɗi ɗaya, ba ɗalibi ɗalibi ba, tunda makin yaro ɗaya in ya canza, matsayin sauran ma ya motsa. Ka sa masa wa'adi da EX 600 a Redis, wato daƙiƙa 600, minti goma. Idan an gyara maki, sai rumbun bayanai ya tabbatar da rubutun tukuna ka goge mabuɗin. In ka riga gogewa, wani zai iya shigowa a tsakani ya karanta tsohon maki ya sake ajiye shi.

Sadiq Unguwar Rimi: Anti Sa'adatu, saura turmutsitsi. Wa'adi na cika, iyaye da yawa suna kan shafin, duka su tarar babu ajiya, duka su afka wa rumbun bayanai lokaci guda. Maganinsa kulle: umarnin SET na Redis da NX (ya rubuta kawai in babu mabuɗin) da EX 30, wanda ya samu shi kaɗai zai yi lissafin, sauran su ɗan jira. A kuma ƙara 'yan daƙiƙu mabambanta a wa'adin kowane aji don kada su mutu tare. Ni a ganina ma, a yi lissafin tun lokacin da aka danna fitar da sakamako, kafin a tura wa iyaye saƙo.

Nura Kawo: Na gode ƙwarai. To in an ɗauke wuta sabar ta mutu fa?

Injiniya Sa'adatu: Ba komai, muddin ainihin makin yana rumbun bayanai. Ka rubuta manhajar ta yadda in ba ta samu Redis ba za ta yi lissafin kai tsaye. Ka kuma saka maxmemory, iyakar wurin da Redis zai ci, ka mayar da tsarin zubarwa allkeys-lru, mai zubar da abin da ya daɗe ba a nema ba, domin na asali noeviction ne, wanda ba ya zubar da komai, in ya cika sai ya ƙi karɓar sabon rubutu.

Maryam Barnawa: Kafin duk wannan, ka gudanar da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda rumbun bayanai ke neman amsa, a kan tambayar da ke tara makin. Idan teburin ba shi da fihirisa mai saurin nemo bayanai a kan aji da zango, ka fara sa wannan, ka sake auna lokacin, sannan ka turo mana abin da ka samu.