Musayar Waƙa a kan Maryam Babangida da Beta Laif, shirinta na matan karkara

Gwaggo Ladi, Tudun Wada:
Ku zo mu tuna Maryam 'yar Asaba,
Kaduna ta girma, da mu ta saba,
A Kwin Amina ta yi boko, ku duba,
Nan ta taso cikin tsaranta yara.

A 1969 aka ɗaura aure,
Da Ibrahim soja, amarya ta tare,
Matan hafsoshi ta ja su tare,
A bariki ta koyi abin da za ta fara.

A 1987 ta yunƙura ta taso,
Da Beta Laif, ta ce mata ku matso,
Injin niƙa da rance su ƙaraso,
Har rugar da ke can ƙuryar karkara.

Ɗan Rigasa:
Gwaggo, matan gwamnoni suka cika taro,
Leshi da sarƙa, ga gwaggwaro,
Ta ƙauye na rana da buhun gero,
A ɗau hoto, a ce mata sai wata shekara.

Zamanin SAP ne na tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi,
Mudun masara ya hau, rayuwa ba daɗi,
Maigida ya ƙwaƙule wa talaka kuɗi,
Uwargida ta raba inji, me aka gyara?

Malama Binta, Kawo:
Ƙanena, innata ta koyi rubuta sunanta,
A ajin yaƙi da jahilci, alli a hannunta,
Ta bar dangwala yatsa a takardarta,
Ranar har guɗa aka yi, in ka lura.

Baba Audu, Kakuri:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya,
Kowace matar shugaba ta hau sai ta sake hanya,
Shirin ta baya a jefa shi rijiya,
Sabon suna, a kira masu kuɗi a tara.

Maryam Abacha da Tallafin Iyali,
Turai da cibiyar cutar daji, misali,
Tsarin mulki bai ba ofishin muhalli,
Miji na sauka, aikin ya sha kyara.

Malama Binta, Kawo:
Baba, ba duka ne suka bi ruwa ba,
Asibitin Ƙasa bai rufe ƙofa ba,
Cibiyar Mata ita ma ba ta rushe ba,
Maryam biyu ne suka sa aka fara.

Gwaggo Ladi, Tudun Wada:
A 2009 ajali ya kira ta,
Can Amurka, cutar daji ta kwantar da ita,
Minna aka kawo ta makwancinta,
Allah Ya jiƙan ta, Ya kyauta mata lahira.

Ɗan Rigasa:
Amin, Gwaggo. Malama, sai dai ki duba,
Duk biyun a Abuja suke, ba Giwa ba,
Ba Kubau ba, ba Birnin Gwari ba,
Kawo min ɗaya a ƙauye, ina nan ina jira.