Neman kalma: me za mu kira "weather sealing" na kyamara da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto da masu kishin harshe. Shawarwarin da kuka kawo kan wannan kalma sun yi yawa kuma sun warwatsu, shi ya sa na tattaro su wuri guda domin mu tsayar da magana. Abin da ya sa nake gaggawa shi ne amsar da ake ba masu saye a shaguna. Yaro ya tara kuɗinsa ya zo sayen kyamara, ya ga an rubuta weather sealed a kwali, ya tambayi ma'ana, sai a ce masa: "Ai wannan tana shiga ruwa." Ba ta shiga. Wanda ya yarda da wannan fassara, ranar da hadari ya same shi a fili ba zai nemi mafaka ba, kuma galibin kamfanoni garantinsu ba ya biyan ɓarnar ruwa.

Kafin a raɗa suna, a duba abin. Idan mai gyara ya kwance irin wannan kyamara, siraran zobban roba ne da 'yan yankakken soso aka jera a duk inda sassa biyu suka haɗu: kewayen murfin batir, murfin memori, ƙarƙashin kowane madanni, gindin abin murzawa, da 'yan marafan da ke rufe ramin caji da na makirfo. Ka cire gilashin gaba, wanda ake sauyawa, ka juya gindinsa, za ka ga baƙin zobe siriri ya kewaye ƙarfen, har kana iya jinsa da farce. Shi ne ke danne bakin kyamara idan ka murɗa gilashin ya zauna. Iyakar abin ke nan. Yana hana ɗigon ruwa da ƙura saurin kutsawa, ba ya tare ruwan da ya danno da ƙarfi, balle nutsewa.

Akwai ma'aunin duniya na wannan, wanda hukumar IEC, mai kula da ma'aunin kayan lantarki, ta tsara mai lamba 60529, shi ne IP ɗin nan da kuke gani a bayanin wayoyi. Lambar farko ta ƙura ce: 5 na nufin ƙura kaɗan za ta iya shiga amma ba wadda za ta hana aiki ba, 6 na nufin ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ta ruwa ce: 3 feshi ne daga sama ko a karkace har zuwa digiri 60, 4 fantsama ce ta kowane gefe, sai an kai 7 ake maganar nutsarwa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. To, kyamarar OM-1 da ta fito a 2022, wadda ake yabo sosai a wannan fanni, IP53 gare ta. Leica SL2 ta 2019 kuwa IP54. Ga tsada ga suna, amma ko kusa da 7 ba su je ba. Yawancin sauran kamfanonin ma ba sa ba da lamba, sai dai su rubuta cewa an ƙera ta yadda za ta jure ƙura da ɗigo ko danshi. Su da suka ƙera ba su ce tana shiga ruwa ba, don me mu za mu faɗa musu?

"Mai shiga ruwa" tana da masu ita, a bar musu. Nikonos da Nikon ta fara fitarwa a 1963 don masu nutso aka yi ta. GoPro tun daga Hero 5 tana nutsewa mita 10 ba tare da an sa ta cikin wani gidan kariya ba. Olympus Tough TG-6 tana kai mita 15. Wanda zai bi masunta cikin kogin Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu, irin waɗannan zai nema. Wanda zai tsaya a bakin gaɓa ruwa yana fantsamo masa, shi ne muke nema wa kalma.

Yanzu shawarwarin.

Ɗan uwa da ka ce mu ari kalmar kawai mu ce "weza sil", tunda makanikai ma suna cewa sil: ba na ƙin aro, kyamara da batir da memori duk arowa muka yi. Amma waɗannan abubuwa ne da ake gani a riƙe a hannu, sunan ya manne musu. Wannan kuwa alkawari ne ake yi wa mai saye, kuma alkawarin da mutum bai fahimta ba shi ne ke ba mai shago damar fassara masa yadda ya so. Ga kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, su ba wannan kalmar suke ji ba, a Faransanci tropicalisé ake cewa, wato an shirya ta don ƙasashen zafi da danshi. In muka yi aro, kowane ɓangare da nasa zai tafi.

"Mai jure yanayi" ita ta fi samun ƙuri'a, kuma na gane dalili, fassara ce kai tsaye. Matsalarta, yanayi ya yi faɗi. Zafin rana ma yanayi ne, kuma zoben roba bai hana kyamara ta yi zafi ta kashe kanta idan kana ɗaukar bidiyo da azahar a watan Afrilu. Mai karatu zai ɗauka an haɗa da wannan.

Malam, kai da ka kawo "laso", wallahi ka sa na daɗe ina tunani, kuma Allah Ya ƙara ilimi. Ga waɗanda ba su sani ba, laso shi ne simintin magina na dā: katsi daga rijiyar marina, da gashin jima, da dafara, a kwaɓa a shafe rufin soro ko cikin rijiyar baba irin na Ƙofar Mata a Kano, don kada ruwa ya ratsa. Kalma ce tamu, gajeriya, "kyamara mai laso" kuma tana da daɗin faɗa. Abu biyu suka hana ni bin ka, Malam. Laso shafe ne a jiki baki ɗaya, namu kuwa toshe haɗi ne, wuri wuri, akwai inda ba a taɓa ba. Na biyu, rijiyar da aka yi wa laso ruwa take riƙewa wata da watanni. Ashe mun koma gidan jiya, kalmar ta yi wa kyamara alkawarin da ba za ta cika ba. Amma kada a yar da ita. Akwai wani shafi da ake yi wa fuskar gilashi don ruwa da maiƙo su riƙa zamewa, ina ganin can ne gurbin laso, mu ajiye shi zuwa ranar da za mu zo kansa.

"Liƙi" ba za ta yi ba. Duk mai hoton biki ya san abin da liƙi ke nufi a filin rawa, kuma in ka ce wa mai saye kyamara tana da liƙi, zai ɗauka ta taɓa fashewa aka manne. "Toshi" ma haka, ta riga ta zama ta samari. "Garkuwa" da Hajiya ta kawo tana da kyau idan aka tuna garkuwar jiki, sai dai kunnen mutane a yanzu ya fi jinta a labarin masu satar mutane.

Abin da nake roƙon mu tsaya a kai: kyamara mai jure ƙura da yayyafi. A taƙaice, mai jure yayyafi. Aikin kansa a kira shi juriyar ƙura da yayyafi, zobban kuma a ce musu matosai, ɗaya matoshi.

Dalilina na farko "jure". Bahaushe bai taɓa jin an ce abu yana jurewa ya ɗauka ba shi da iyaka ba. Na biyu "yayyafi". Muna da sunayen ruwa daki daki, yayyafi daban, feshi daban, marka daban, ruwa kamar da bakin ƙwarya daban. Da ka ce yayyafi ka riga ka faɗa wa mutum inda zai tsaya, ba sai ka ƙara bayani ba. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurinmu, sa ƙura a gaba.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya, ruwa da ƙanƙara suka fi damunsu. Mu ƙura ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso gari daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tabki ne da ya ƙafe, ta watso mana. Wannan ba yashi ba ne da za ka gani ka kakkaɓe, laushinta ya sa take bin iska ta shiga duk inda iska ta shiga. Gilashi mai zuƙowa, wanda ke tsawo yana komawa, duk lokacin da ka murza shi iska yake shaƙa yana fesarwa, wani ma har cikin kyamara. Ka ɗauki sararin sama ko farin bango da ƙaramar ƙofar haske, kamar f/16, ka buɗe hoton a kwamfuta. Waɗannan ɗige ɗige masu duhu da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce kwance a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Sannan ga ƙurar da ba ta jiran hunturu. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ta Kano ranar Hawan Daushe lokacin da mahaya suka sako dawakai don jafi ya san yadda fili ke turnuƙewa, har baƙar kyamara ta koma ja.

A irin wannan wuri matosai suna taimako ƙwarai, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne nake so sunan ya riƙa tuna wa mutane. Dole gangar jiki da gilashi duka su kasance masu jurewa. Fujifilm da Pentax suna rubuta WR a jikin gilashinsu mai matosai, in gilashin ba shi da matosai to bakin kyamara a sake yake ko da jikin na miliyoyi ne. Wasu gilasan Canon, irin su EF 17-40mm f/4L, juriyarsu ba ta cika sai an ɗaura filta, wato ɗan faifan gilashi na kariya, a fuska. In ka buɗe murfin gefe ka soka makirfo, ka buɗe ƙofa. In ka cire gilashi a tsakiyar fili, duk matosan duniya ba su da amfani a wannan daƙiƙa. Shi ya sa masu hoton hawa da suka daɗe a sana'a suke zaɓar gilashi tun daga gida, ko su rataya kyamara biyu. In sauyin ya zama dole, ka shiga mota ko ka juya wa iska baya, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, sabon gilashin yana hannunka a shirye.

Ina roƙon ƙannena da Allah, ku daina goge gilashi da gefen riga. Ƙurar da ke kai ita za ta karce shi. A fara da ɗan famfon roba mai hura iska, sai buroshi mai laushi, sannan ƙyalle irin na tabarau. Kada a hura da baki, yawu ne ke bi. Wanda kyamararsa ba ta da matosai kuma kada ya karaya: farar leda, a huda gindinta a fito da bakin gilashi, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, ta fitar da mutane da yawa kunya a ƙura da yayyafi.

Akwai kuma abin da juriyar ba ta taɓawa ko kaɗan, shi ne gumin gilashi. Da damina, ka fito daga ɗakin taro ko mota mai sanyin na'ura ka shiga iska mai ɗumi da danshi, nan take gilashi zai yi hazo, wani lokaci har ta ciki. Maganinsa ka bar kyamara cikin jaka a zuge na ɗan lokaci har ta ɗauki ɗumin waje. In ta sha yayyafi kuma, a goge ta a bar ta ta sha iska kafin a mayar jaka, don danshin da ya samu shiga, matosan nan su ne za su hana shi saurin fita. Jiƙaƙƙiyar jaka a cikin duhun kabad a watan Agusta, nan fumfuna ke tsirowa a cikin gilashi, zare zare, in ta daɗe har ta ci shafin da ke jikinsa. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ku tara su ku zuba cikin robar ajiya mai murfi tare da kayan, ku riƙa sauya su idan sun ƙoshi.

Yaya, kai da ka ce sunan ya yi tsawo ba zai shiga bakin 'yan kasuwa ba, gwada shi a ciniki ka ji. "Wannan tana jure yayyafi?" "Jikin yana jurewa, gilashin ne ba ya jurewa." "Ta hannu ce, a duba mini matosan." Wannan ta ƙarshe ina so ta zama al'ada, domin yawancinmu kyamara ta hannu muke saye, roba kuwa tana bushewa ta tsattsage da shekaru da zafi. Ka buɗe murfin batir da na memori a gaban mai shago, ka haska da fitilar waya, ka bi zoben da ido. In ya tsage, ko ya kwanta ya daina tasowa, ko wani ɓangare ya ɓalle, to abin da aka rubuta a kwali ya daina aiki a kan wannan kyamara, kuma sai a rage kuɗi.