Anne Treisman: me ta gano ne wanda ƙaramin yaro bai sani ba?

Hafsa Ɗaliba:
Assalamu alaikum jama'a. An ba ni aikin gabatarwa a aji kan wata Baturiyar Ingila masaniyar halayyar ɗan Adam, Anne Treisman, saura mako guda. Kwana biyu ina karatu, wallahi har yanzu ban ga dalilin zuzuta ta ba. Wai ta gano cewa jan abu a cikin koraye yana saurin faɗo wa ido. To ai ko autarmu 'yar shekara huɗu ta san haka, ita ke tsamo mana nunannen tumatir a cikin ɗanye. Don Allah masu sani ku fahimtar da ni, kar in ji kunya gaban malam.

Baba Likita:
Wa alaikumus salam 'yata. Rabin zancen kika karanta. Ita lokaci ta auna. A binciken da ita da abokin aikinta Garry Gelade suka fitar a 1980, ana nuna wa mutum haruffa a allo a ce ya nemo guda ɗaya. Idan launi kaɗai ya bambanta shi da sauran, ko haruffan 5 ne ko 30, kusan lokaci ɗaya ake ɗauka. Amma a ce koren T ake nema cikin wasu T masu ruwan ƙasa da korayen X, sai lokacin ya riƙa ƙaruwa da yawan haruffan, kamar mutum yana bin su ɗaiɗai. Sai ta ce ƙwaƙwalwa tana tsintar launi daban, siffa daban, a ko'ina lokaci guda, amma ba ta ɗinke su su zama abu ɗaya sai hankali ya sauka a wurin.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 1982, ita da Hilary Schmidt. A ƙyalla wa mutum haruffa masu launi, a janye hankalinsa da lambobi a gefe, sai ka ji ya ce ya ga jan X, alhali jan na wani harafi ne, X ɗin kuma shuɗi. Launin na nan, harafin na nan, ɗinkin ne ya kuskure. A 1995 kuma, tare da Lynn Robertson, suka ba da rahoton wani majinyaci da bugun jini ya lalata masa sashen sama ta baya na ƙwaƙwalwa, hagu da dama. Shi haruffa biyu kacal za a sa masa, ya daɗe yana kallo, amma ya musanya musu launi. Ni da na shekara ina auna idon mutane, wannan ya koya mini cewa lafiyar ido daban, gani daban.

Ki faɗa wa ajinku cewa harshen Faransanci ta fara karanta a Cambridge kafin ta koma nazarin halayyar ɗan Adam, kuma da kunne ta soma. Digirinta na uku a Oxford, 1962, kan yadda ake sauraron murya ɗaya cikin biyu ne. Daga baya ta koyar a Kanada, da jami'o'in Berkeley da Princeton a Amurka. Obama ya rataya mata lambar yabon kimiyya ta Amurka a 2013, ta rasu a 2018.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara girma Baba. Yanzu na gane abin da ke samu na duk Juma'a a ƙofar masallaci. Baƙin silifa mai fararen igiyoyi gare ni, ga baƙaƙe tuli, ga masu fararen igiyoyi tuli. Abokina mai ruwan ɗorawa tuni ya kai bakin titi ina nan ina sunkuye.

Malama Asabe:
Hafsa, kar ki gabatar da ra'ayin nata kamar magana ta ƙare. Jeremy Wolfe da abokan aikinsa sun nuna a 1989 cewa neman abu ta haɗin launi da siffa ba kullum yake tafiya ɗaiɗai a makance ba, launi yana iya jan hankali zuwa inda ya dace. Ita ma Treisman ta yi wa ra'ayinta gyara. Malamin da ya san abin nan zai tambaye ki.

Hafsa Ɗaliba:
Na gode Baba, na gode Malama. Ɗan Kwari, na ari silifanka, da su zan buɗe.