Daren kiɗan 'yan Chile da makaɗan Sikotland: wa ya taɓa zuwa?

Maman Iman, Glasgow:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar Chile, ta tasa ni a gaba sai na je daren kiɗan da suke yi a zauren unguwa tare da makaɗan Sikotland. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya min yadda abin yake, kuma ko wuri ne da ake zuwa da yara.

Baban Sadik, East Kilbride:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki je. Ni da farko abin da ya ɗaure min kai shi ne me ya haɗa mutanen nan, ga nisan duniya ga bambancin yare. Wani tsoho da muka haɗa tebur, yana cin abinci yana nuna min mutane da cokali, shi ya warware min. Ranar 11 ga Satumba 1973 sojoji ƙarƙashin Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende a Chile, jiragen yaƙi na Hawker Hunter suka yi wa fadar shugaban ƙasa ta La Moneda ruwan wuta. A 1974 aka kawo injinan irin waɗannan jiragen na sojan Chile gyara masana'antar Rolls-Royce da a lokacin take garin nan da nake zaune. Ma'aikata suka ce hannunsu ba zai taɓa su ba. Haka injinan suka zauna a waje ruwa na dukansu har shekara 4, sai a 1978 aka kwashe su cikin dare. A shekarun ne kuma 'yan gudun hijira suka riƙa isowa, ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai suna nema musu gida da aiki. To kin ga waɗanda za ki tarar a zauren, wasu tun suna samari suke tare, yanzu jikokinsu ne ke jera kujeru.

Ummi, Edinburgh:
Anti, ni kayan kiɗan ne suka tafi da ni. Akwai wata 'yar ƙaramar garaya mai tsirkiya 10 da suke kira charango, mutumin ya rungume ta can saman ƙirji, yatsunsa ba ka ma ganinsu don sauri. Sai sarewar quena, da wata babbar ganga mai gashi a jikin fatarta. Bayan juyin mulkin sojoji sun tsangwami waɗannan kayan saboda an san su da mawaƙan adawa, shi ya sa suke riƙe su da daraja haka.

Da wata mata ta tashi za ta rera waƙar Víctor Jara, ba wanda ya ce a yi shiru, amma har masu wanke kofuna a kicin suka fito suka tsaya bakin ƙofa. Shi ne mawaƙin da sojoji suka tsare a filin wasa a Santiago, suka farfasa masa hannuwa, suka harbe shi 'yan kwanaki bayan juyin mulkin. Mai gogen Sikotland bai shigo ba sai a baiti na biyu, a hankali, yana bin muryarta a baya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma sai da na nemi tishu.

Malam Habu, Aberdeen:
Bari in faɗi nawa kada a ce duk zuma ce. Wanda na je, jawabi ya fi kiɗa yawa. Kowa ya karɓi makirufo sai ya ba da tarihin kakansa. Sannan haɗin ba kullum yake zama ba: akwai waƙar da mai goge ya yi gaba abinsa, masu jita suna binsa a guje. Kuma Hajiya ki sani ana shan giya a wurin. Ba wanda zai takura miki, amma tana kan tebura.

Ummi:
Malam, a waƙoƙin jimami na yarda da kai, wani lokacin kowa hanyarsa yake bi. Amma ka tsaya har aka fara rawa? Kiɗan cueca na Chile da jig na nan duk a kan bugu shida suke tafiya, a nan ne suke haɗewa tsaf. Tsofaffin Chile suna kaɗa hankici sama da kai, 'yan Sikotland suna buga ƙafa.

Baban Sadik:
Tarihin kakannin nan ai shi ne taron, Malam. Mutumin da ya bar ƙasarsa da akwati ɗaya yana tunanin shekara biyu zai yi, Pinochet bai sauka ba sai 1990, lokacin 'ya'yansa sun zama 'yan Glasgow har a baki. Ina zai kai labarin in ba nan ba? Abin da ya ƙara burge ni, 'yan Sikotland ba yabon kansu kawai suke ba. Wani ya rera waƙar Adam McNaughtan a kan abin kunyar 1977, da ƙungiyar ƙwallon ƙasarsu ta je ta buga wasa a babban filin Santiago inda aka tsare dubban mutane ana azabtar da su.

Hajiya Binta, Dundee:
Maman Iman, maganar yara: ki je da su, amma ku fito kafin dare ya yi nisa. Farkon taron ya fi natsuwa, yara suna ta guje-guje tsakanin kujeru ba mai tsawata musu. Za a kawo empanada, wani fanke mai ciki. Na naman ba yankanmu ba ne, ki ce a ba ki na cuku. Na wajenmu kuɗi a hannu suke karɓa, a gwangwani a bakin ƙofa, don haka ki tafi da canji. Sallah kuwa ki yi kafin ki fita, ni a ɗakin ajiye kujeru na yi tawa.

Malam Habu:
Ummi, ban kai rawar ba, motar ƙarshe nake gudun ta wuce ni. In akwai mai zuwa na gaba daga Aberdeen da mota, ya taɓa ni, in ya so mu raba kuɗin mai.