Wai firosesa na zamani ba ya ƙonewa?

Auta: Salamu alaikum manya. Jibi zan cire fanka in ɗora na'urar sanyaya ta ruwa a kan firosesan kwamfutata, Ryzen 5 5600X. Wani ya ce min kada in wahalar da kaina, wai firosesa na zamani yana kare kansa ko da famfon da ke zagaya ruwan ya mutu. Haka ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. A zamanin tsofaffin firosesan Athlon na Socket A ne ake cire ƙarfen sanyaya a ga hayaƙi. Yanzu da zafi ya kai iyaka sai ya rage gudu, in abin ya ƙi ci ya kashe kwamfutar. Naka iyakarsa digiri 95 ce. Ɗaura abinka.

Yaya Babba: Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. In fanka ta tsaya, tulin ƙarfen nan yana ci gaba da shanye zafi, kana da lokaci. In famfo ya tsaya fa? Ɗan farantin tagulla ne kawai da ruwan da ba ya motsi, nan da nan zafin ya haura. Kuma famfo ba ya sallama in zai mutu, fankokin lagireto na ta juyawa, kai kana ganin lafiya lau. Na yarda ba zai ƙone ba, amma aikin da kake tsakiyar yi ya tafi. Auta, ka tabbata wayar da ke ba da rahoton gudun famfo tana inda BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta) zai gan ta, wato mahaɗin CPU_FAN ko AIO_PUMP a kan babban allon kwamfutar, ka bar shi a cikakken gudu, ka kunna gargaɗi.

Injiniya: To ai ka dawo kan maganata, Yaya. Asarar aiki daban, asarar firosesa daban.

Malama: Ku yi haƙuri, duk kun tsallake inda ake yin ɓarnar. Ranar cirewa ce. Soket ɗinsa, wato mazaunin firosesa, AM4 ne, ƙafafu 1331 ɗin nan a jikin firosesan suke. Tsohon man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya yakan bushe ya kama kamar gam. Ni na ja nawa sama kai tsaye yana sanyi, sai ga firosesa manne a gindin ƙarfen, alhali soket na kulle. Ƙafafu huɗu na gefe suka lanƙwashe. Da reza da madubin ƙara girma na yi ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa, har dare ya raba. Ƙanena, ka bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗau ɗumi tukuna, ka kashe, ka zare wuta, ka sassauta sukurori, sannan ka murɗa a hankali hagu da dama. Kada ka fizga.

Injiniya: Wannan kam babu ja, Malama. Amma laifin hannu ne, ba na zafi ba.

Malama: Shi firosesa ina ruwansa da wanda ya yi laifin? Kariya yaron ya tambaya.

Yaya Babba: Sai batun yoyo. A gwada awa 24, famfo kaɗai ke da wuta, a shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa.

Auta: Tawa haɗaɗɗiya ce Yaya, a rufe ta zo, mai lagireto na milimita 240.

Injiniya: To wannan gwajin na masu haɗa tiyo da kansu ne. Kai duba mahaɗun kawai ko akwai danshi. Ka goge tsohon man da sinadarin gogewa na isopropyl, ka ɓare ledar da ke kan farantin in akwai, mutane da yawa na mantawa da ita. Sukurori kuma a ɗaure kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan.

Yaya Babba: Ko a rufe ta zo ni sai na kunna ta a waje tukuna. Kuma kada famfo ya zauna sama da ƙololuwar lagireto, iska za ta taru a cikinsa ya riƙa ƙara.

Auta: Akwatina gaba kawai yake ɗaukar 240. Tiyo su kalli ƙasa ko sama?

Yaya Babba: Ƙasa, in tsawonsu ya kai.